Bakin da Namadi Bai Duba Ba

In kana magana da Namadi, ba idonka yake kallo ba, bakinka yake kallo. Mutanen Bagudo sun saba, har sun daina jin haushi. Za ka tsaya kana ba shi labarin yadda ruwa ya cinye maka shinkafa a fadama, shi kuwa ya ɗan karkata kai yana leƙen turmin haƙorinka na hagu. In ka gama sai ya ce, "Allah shi mayar da alheri. Amma wanga haƙorin naka na ƙasa, tun yaushe yake yi maka jini?"

Shekara goma sha uku ke nan yana wannan aiki a wani ɗaki guda na asibitin garin, ɗaki mai kujera ɗaya tak, wadda ba ta kwanciya sai an danna ta da gwiwa. Ba cikakken likita ba ne, shi da kansa yake faɗa. Makarantar koyon aikin lafiya ya yi, sashen haƙori. Amma tun daga Zagga har Lolo, har ƙauyukan da ke hayin iyaka, babu wani mai duba baki sai shi, don haka Dakta ake ce masa. Ya ƙi sunan, ya ƙi, har ya gaji ya bari.

Ɗan manomi ne daga Kurgu. Ubansa ya rasu da haƙori huɗu a baki, ya shekara ashirin ba ya cin nama sai an daka masa a turmi, kuma Namadi ne mai dakan. In ka tambaye shi abin da ya kai shi aikin haƙori, wannan turmin yake ambata, sai ya canza magana.

Cire haƙori ba ya burge shi. Ya ce wannan kowa ya iya, har wanzamai suna yi. Abin da yake taƙama da shi shi ne sanin ranar da kowane baki ya kamata ya dawo. Farkon fara aikinsa, abin da aka koya masa yake rubuta wa kowa a kati: wata shida. Babba da yaro, mai lafiya da maras lafiya, wata shida. Sai ya ga abin ba ya tafiya. Makiyayi mai haƙora kamar ƙanƙara zai bar shanunsa ya yi tafiyar wuni guda, a duba a ce masa babu komai, daga nan ba ya sake dawowa. Mai shayi kuwa, kafin wata shidan su cika, ramin da ya bari ƙarami ya zama kogo. Daga baya aka tara su wani kwas a Birnin Kebbi, wata likita mai suna Dakta Zakiyya ta ce musu a daina yi wa kowa awo ɗaya. A tambayi mutum, a duba shi, sannan a yanka masa nasa lokacin. Wanda haɗarinsa ya yi yawa, wata uku. Wanda bakinsa ke lafiya ƙalau, yana iya kai shekara biyu. Yara kar su wuce shekara.

Namadi ya dawo da abin nan kamar ya samo rijiya. Tambayoyinsa ba su da yawa: sukari nawa kake sha, kana da ciwon suga, dasashinka na jini, an taɓa cike maka rami ko cire maka haƙori, kana shan taba ko sa ta a baki. Sai ya duba, haƙori da harshe da ƙasan harshe da cikin leɓe, ya shafa ƙasan haɓa da wuya. Kuma da ya lura katin asibiti ba ya daɗewa a gidajen bakin kogin Kwara, ko gara ta ci ko ambaliya ta tafi da shi, sai ya koma ɗaura wa mutane rana da abin da ba sa mantawa. Ka dawo in an fara cire albasa. Ki dawo bayan Sallar layya. In ruwa ya janye daga fadama sau biyu, in gan ka.

Wata rana Zayyanu, mai shayin bakin tashar Bagudo, yana kan kujerar nan.

"Shayi nawa kake sha a wuni, Zayyanu?"

"Dakta, ni ba sha nike ba. Ɗanɗanawa nike."

"Ɗanɗanawa nawa?"

"Duk tukunyar da anka ɗora."

"Tukunya nawa kake ɗorawa?"

"To ai wagga tambayar ta 'yan kwastan ce."

"Wata uku. In an fara cire albasa in gan ka."

"Haba Dakta. Bafillacen da ya hita yanzu shekara biyu ka ba shi, ina ji. Ni mi na yi maka?"

"Shi nono yake sha, shina yawo da asuwaki a baki kamar da shi anka haife shi. Kai kuwa bakinka rumbun sukari ne. Tashi, akwai mutane."

Haka abin ya zama a yankin, kamar sakamakon jarrabawa. Wanda aka bai wa shekara biyu ya fito yana washe baki. Wanda aka bai wa wata uku ya fito a sace, don an san da abin da yake yi. A kasuwar Lolo, inda Namadi ke ɗaure akwatinsa a bayan babur ya je sau ɗaya a wata ya kafa benci a wata rumfa, mata masu kifi har tsiya suke yi wa juna da shi.

To, a cikin matan nan masu kifi akwai surukarsa, Fatimata, uwar matarsa Mashkura. Badendiya ce, 'yar ƙabilar Dendawa, gwauruwa, ta fi shekara talatin tana banda kifi a bayan gidanta na Lolo. Tsakaninta da Namadi kunya ce irin ta da, wadda ba a rage mata komai ba, ga shi kuma Mashkura ita ce 'yar fari. Shekara goma sha ɗaya da auren, bai taɓa ganin fuskarta gaba ɗaya ba. In ya je gaisuwa, a ƙofar zaure yake durƙusawa, idonsa a ƙasa, ita kuwa ta amsa daga bayan zana. Ba ta taɓa cin abinci yana cikin gidan ba, ba ta taɓa kama sunansa ba. Mutumen Bagudo take ce masa. Kuma ba ƙiyayya ba ce. Duk lokacin da za shi gida, sai ya tarar an ɗaure masa kifi mafi girma a bayan babur, ba a ce daga wa ba.

Ya san tana sa taba. Garin taba mai kanwa, wanda ake dannawa tsakanin leɓen ƙasa da dasashi, ya wuni a nan. Mata masu banda da yawa suna yi, wai yana rage musu ɗacin hayaƙi da barci. Ya sha ganin 'yar battar tabar a soke jikin zana kusa da murhun kifi. Bar ta wannan ma, shi da kansa ya sha ɗauko ƙunshin tabar daga kasuwar Bagudo a cikin tsarabar da Mashkura ke aika wa uwarta. Bai taɓa cewa komai ba. Ta ina zai fara?

Wata ranar kasuwa Mashkura ta matsa wa uwar, ta ce kowa ana duba shi ban da ke, ta jawo ta har rumfar. Fatimata ta zo da mayafi har haɓa, ta zauna a benci ta ba shi baya. Sa'o'inta masu kifi wajen shida suna layi, sun baza kunne. Namadi ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Tambaye ta ko tana shan shayi da sukari," ya ce wa matarsa.

"Inna, wai kina shan shayi?"

"Ce mishi kunun tsamiya nike sha."

"Ciwon suga fa?"

"Allah shi tsare."

Ya dubi matan da ke layi, ya dubi bayan surukarsa.

"Tambaye ta ko akwai abin da take sawa a baki. Ban da goro."

Mashkura ta ɗago ta dube shi, ta ce a hankali, "Inna, wai ko kina sa wani abu."

"Ce mishi babu."

Da aka zo dubawa, ta juyo rabi, ta runtse ido, ta ɗaga mayafin iya hanci, ta buɗe leɓɓa haƙora a haɗe. Haƙora ne masu ƙarfi, jajaye da goro, babu ko ɗaya da ya faɗi. Abin da ya rage shi ne ya sa yatsa ya ja leɓen ƙasa, ya ce ta ɗaga harshe, ya shafa wuyanta. Abin da yake yi wa kowa, har wanda bai sani ba. Ya ɗaga hannu, hannun ya tsaya a hanya. Ya haska tocila kamar na numfashi ɗaya, ya kashe.

In ya ce wata uku, ya ƙaryata surukarsa a gaban kasuwa. Ya ɗauki biro ya rubuta shekara biyu.

"Ce mata lafiya lau. In anka shekara biyu ta dawo."

Matan suka ɗau dariya, suna cewa Fatimata ta ci biyu, dole, ai mai makarantar nata ne. Ta ja mayafinta ta fita da sauri. Ranar ma an ɗaure masa kifi.

Wata goma sha huɗu bayan wannan, Mashkura ta dawo daga Lolo da la'asar, ta same shi a tsakar gida yana wanke babur. Ba ta cire hijabi ba, ba ta shiga ɗaki ba.

"Malam, Inna ba ta cin tuwo."

"Zazzaɓi ne?"

"Baki ne. Kunu kawai take sha, shi ma sai ya huce. Maƙwabta sun ce tun kafin azumi."

Ya ajiye tsumman. Azumi ya wuce, ƙaramar Salla ta wuce, layya ma an yi wata guda da ita.

"Kuma ba wanda ya gaya min?"

"Ni ma ban sani ba. In na kira waya sai ta ce hayaƙi ne ya shaƙe mata murya. Da ƙyar ta bari na ɗauki hoto, sai da na yi mata kuka."

Ta miƙa masa wayarta. Hoton ya ɗan yi hazo, amma ya isa. A cikin leɓen ƙasa, daidai inda taba ke zama, gyambo ne kamar faɗin babban ɗan yatsa, ya haura kan dasashi. Bakinsa ya taso ya naɗe, fari-fari, tsakiyarsa ja. Haƙora biyu na kusa sun karkace. Namadi ya buɗa hoton da yatsu, ya mayar, ya sake buɗawa. A kwas an nuna musu irinsa a bango, an ce duk mikin baki da ya wuce mako uku bai warke ba, kar a zauna a kansa.

Nan take ya tura wa Dakta Zakiyya, wadda yanzu ke aiki a wani babban asibiti a Sakkwato. Ba a jima ba ta kira.

"Namadi, shekarunta nawa?"

"Sittin da wani abu."

"Tana sa taba?"

"Tana sawa. Ya fi shekara talatin."

"Yaushe rabonka da ganinta?"

"Wata goma sha huɗu."

"Ka kira ta ta ƙi zuwa ne?"

"Ban kira ta ba, Dakta. Shekara biyu na ba ta."



"Wace ce ita a wurinka?"

"Surukata ce."

"Na gane," in ji ta. Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa ya fi son ta yi. "Ba na yanke magana da hoto. Ka je ka taɓa wurin da hannunka, ka ji ko ya yi tauri, ka shafa wuyanta ka gaya min abin da ka ji. Sannan ka kawo ta cikin makon nan mu yanki ɗan nama a auna. Kar a bari kowa ya taɓa wurin da ƙarfe. Ka ji ni?"

Bayan ta kashe, ya zauna a kan bokitin da ya kife. Da wata uku ya rubuta, da ya ga bakin nan sau huɗu. Da ya gan shi tun yana ɗan farin tabo, wanda ba ya zafi, wanda mai shi ma ba ya sani. Aikin ke nan. Abin da ya yi shekaru yana yi wa baƙi ke nan, 'yan babur masu shigo da kaya ta daji, da Zayyanu mai shayi, da mutanen da ko sunan ubansu bai sani ba.

Da sassafe suka hau babur, shi da Mashkura, da 'yar jakar aikinsa. Sun isa Lolo rana ta ɗaga. Gidan a buɗe, murhun banda ya yi sanyi, ƙudaje na bin ragar. Maƙwabciyarta Sabuwa ta leƙo ta kan katanga.

"Ai ta tahi tun jiya da maraice. Ƙanenta Ango ya zo da jirgi ya ƙetare da ita."

"Don mi?" in ji Mashkura.

"Don mi kuwa? Ke kin ɗauki hoton cikin bakinta kin kai ma mijinki. Bayan tahiyarki ta zauna tana ta nanatawa, wai yanzu bakinta shina hannun mutumen Bagudo. Ta ce gara ta mutu can wurin danginta. Ango ya ce akwai wanzaminsu, yau bayan azahar za a yi mata sakiya da ƙarfe mai zafi a hitar da ruwan."

Namadi ya dubi rana. Bai ce wa Sabuwa ko sai an jima ba.

Suka bar babur wurin masu jirgi a bakin Kwara, suka shiga kwalekwale tare da buhunan albasa da wata akuya. Ba a daɗe da barin gaɓa ba wayarsa ta yi ƙara, saƙo ya shigo da Faransanci, daga nan layin ya ɗauke. Mashkura na zaune a gabansa ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi. Ya so ya ce mata wani abu, sai ya ga duk abin da zai faɗa, ko ƙarya ne ko kuwa ya yi nauyi a faɗe shi a cikin mutane. Ya karɓi filafili ɗaya daga hannun mai jirgin ya taya shi tuƙi.

Tungar masunta ce ta ɓangaren Benin, bukkoki kamar goma sha biyar, taruna a shanye. Ango na zaune gindin wata bishiya yana ɗinkin koma, dattijo baƙi siriri. Kusa da shi ga wanzamin da zabirarsa, an riga an kawo masa gawayi a kasko.

"A'a, Dakta da kanshi," in ji Ango, bai daina ɗinkin ba. "Halan haƙoran Najeriya sun ƙare, ka biyo na Benin?"

Namadi ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata. Sannan ya ce, "Kawu, don Allah kar a sa mata wuta. Ba ƙurji ba ne. In anka ƙona shi ƙaruwa zai yi. Sakkwato za mu kai ta."

"Mi ne ne in ba ƙurji ba?"

"Sai an auna. Amma ina tsoron ciwon daji."

Ango ya ciji zaren ya tofar. "Ba kai ka duba ta ba? Ba kai ka ba ta shekara biyu ba? Duk Lolo an ji, har nan labarin ya iso, muna ta alfahari. Da sauran wata goma. In sun cika mu kawo ma ita."

Mashkura ta ce, "Kawu..."

"Ke yi min shiru, mai ɗaukar hoton uwarta."

Wanzamin ya yi gyaran murya. Mutum ne mai natsuwa. Ya ce, "Ni dai in ƙurji ne mai ruwa, aikina ne. In wancan ne da ya ambata, ba ni son shi, na taɓa ganin yadda yake yi. Amma ni ma ban gani ba tukuna. A bar mai gani shi gani."

"Shi gani ta ina?" in ji Ango. "Surukinta ne."

Namadi ya miƙe. Ya tambayi wata mata wace ce bukkar, ta nuna masa da haɓa. Ya je ya durƙusa a rana, goshinsa ya kusa taɓa zanar. Yana jin numfashinta a ciki. Mashkura ta sunkuya ta shiga.

"Inna," ya ce. "Ni ne, Namadi. Da ke nike magana, ba da aike ba."

Motsin cikin ya tsaya cik. Can sai muryarta ta fito, a daƙile, kamar mai magana da abu a baki.

"Ce mishi shi tashi. Mutane na kallo."

"Ba ni tashi, Inna. Ranar nan a kasuwa ban duba ki ba. Tocila kawai na haska. Shekara biyun da na rubuta ƙarya ce, kunya ta sa na rubuta. Na san kina sa taba. Ni ke ɗauko miki ita a bayan babur."

Matan tungar da suka fara taruwa suka ja da baya. Ango ya ajiye komarsa. A ciki ana jin kukan Mashkura ƙasa-ƙasa.

"Ce mishi," in ji Fatimata, "ni ta fara yin ƙaryar."

"Naki ba laihi ba ne. Ni anka koya ma aikin. Yanzu abu ɗaya nike roƙo. In taɓa wurin da hannuna, in shafa wuyanki. In kin so bayan haka kar ki ƙara amsa gaisuwata har abada, na yarda."

Ta yi wata magana da Dendanci, doguwa, wadda Namadi bai ji duka ba. Ango ya amsa mata daga inda yake, a gajarce. Ladanin tungar ya fara kiran azahar, wanzamin ya dubi kaskon gawayinsa bai taɓa shi ba.

Mashkura ta leƙo, idonta jajur. "Ta ce in rufe mata fuska da zane, in bar baki kawai. Ta ce wanda zai shigo kar shi yi sallama, kar shi yi magana, kar ta ji muryarshi. Kuma kar kowa shi gaya mata ko wane ne."

Ya buɗe jaka ya sa safar hannu da takunkumi, ya cire takalmi ya shiga. Tana zaune a tabarma, ta rame har wuyan hannunta ya koma kamar na yarinya, kanta a naɗe da zane mai ruwan bula. Mashkura ta riƙe tocila. Warin ya fara isowa gare shi. Ya sa yatsa biyu ya ja leɓen a hankali, ta ɗan zabura, ta daure. Ya fi yadda yake a hoto. Ya danna gefen gyambon, ya ji shi da tauri kamar ƙwallon goriba, kuma ba ya motsi, ya kama abin da ke ƙasansa. Ya taɓa haɓarta ta ɗaga harshe, ya duba. Sannan ya zagaya bayanta ya sa yatsu ƙarƙashin muƙamuƙi, ya bi wuyan sannu a hankali. Kaluluwa biyu a gefen hagu. Ɗaya tana gudu a ƙarƙashin yatsa. Ɗayar ba ta gudu. Ya sake dannawa, ko ya yi kuskure. Ba ta gudu.

Ya fito da baya, ya cire safar, ya koma inda ya durƙusa da farko.

"Mashkura, ce mata yau za mu ƙetare. Gobe da asuba mu kama hanyar Sakkwato."

"Ce mishi bayan kasuwa."

"Kasuwa sai nan da kwana huɗu, Inna."

"Na sani. Ni ke cin ta."

"Abin nan ba ya jira. Kowace rana da anka ƙara..."

"Ce mishi ba yarinya ce ni ba. Na ji yadda hannun mutumen nan ya tsaya a wuyana. Shekara talatin ina zama rumfa ɗaya da matan nan, mun yi faɗa, mun yi zagi, akwai wadda tun bara ba mu magana. Ba ni tahiya inda za a yanka ni ban roƙi gafararsu ba. In ba Sabuwa murhuna da hannuna, in gaya mata itacen da ba a sa ma kifi. Sannan a kai ni duk inda za a kai ni."

"Sai mu tara miki su gobe a gida."

"A kasuwa na ɓata musu, a kasuwa za ni roƙe su." Ta tsaya ta huta, maganar na yi mata zafi. "Ce mishi ya ba ni shekara biyu ban roƙa ba. Kwana huɗu nike roƙo."

Namadi ya juya wajen Ango, ko zai taya shi. Ango na tsaye yanzu, ya sallami wanzamin, yana kallon ruwa.

"Kar ka dube ni, ɗana," ya ce. "Tun muna yara ban taɓa juya ta ba. Wuta dai ba a sa mata, wannan na ɗaukar maka. Ranar kasuwa da la'asar ni zan sa ta mota da kaina."

Aka nuna masa wani tudu a ƙarshen tungar, inda layin Najeriya ke kamawa in an ɗaga waya sama. Ya hau, rana na dukansa, ya ɗaga hannu yana juyawa har sandar layi ɗaya ta fito a wayar. Ya danna lambar Dakta Zakiyya. Tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake dannawa.

Bai ji tahowar Mashkura ba sai da ta tsaya a bayansa.

"Malam, kar ka yi min irin ta kasuwa. Mi ka ji a wuyanta?"

Ya sauke wayar daga kunne, tana ci gaba da ƙara a hannunsa.

"Ya kai wuya," ya ce. "Ban san iyakar inda ya kai ba. Su za su sani."

"Kwana huɗun za su kashe ta?"

"Ban sani ba, Mashkura. Wata goma sha huɗun nike tsoro."

Ta zauna a ƙasa nan kan tudun, ta haɗa kai da gwiwa. Kiran ya katse. Ya ɗaga hannu sama yana neman layin, ya sake dannawa.